Yadda ake riƙe sabobin rumbun bayanai bakinsu ya zo ɗaya

Wata ranar Alhamis cikin watan Mayu, lokacin da Kasuwar Dole ta cika ta batse, wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi sari ya kira ni. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba ya ce, "Malam, na'urarka ta haukace. Shinkafar da na sayar da hantsi ta koma sito da ƙafarta."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kar kowa ya ƙara taɓa komai, ga ni nan tafe."

Ni na haɗa masa sabar biyu, wato kwamfutocin da ke riƙe da bayanan cinikinsa, ɗaya a shago, ɗaya a sito, ta biyun tana kwafe duk abin da ta farkon ta rubuta. Ran nan aka ɗauke wuta, ta shagon ta mutu. Yaron da na koya wa aikin ya yi abin da na ce ya yi, ya ɗaga ta siton ta zama babba. Can aka tada gurup, ta shagon ta farka, ita ma tana ganin har yanzu ita ce babba. Masu karɓar kuɗi suna rubutu a ɗaya, masu fitar da kaya suna rubutu a ɗayar, har bayan azahar. Dare biyu muka yi da tarin rasit a kan tabarma muna gwama littattafai biyu da kowannensu ke da gaskiya rabi. Laifin ba na yaron ba ne, nawa ne: na yi sarakuna biyu, ban naɗa mai raba gardama ba.

Abin da zan nuna a nan shi ne yadda nake haɗa irin wannan aiki tun daga ranar. Da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, zan yi misali don shi na fi riƙewa, amma mai takwarorinsa MySQL ko MariaDB zai gane hanyar. Sabar da ake rubutu a cikinta zan kira ta jagora, masu kwafe mata kuma mabiya. Doka ɗaya ce ke ƙarƙashin komai: alƙalami ɗaya ne, a hannun jagora yake, kuma ba a sarki biyu zamani ɗaya. Duk sauran saituna hidimar wannan dokar suke yi.

Da farko, na'urori uku masu kama ɗaya

Uku, ba biyu ba. Dalilin zai zo a gaba. A misalinmu sunayensu db1, db2, db3, adireshinsu 10.0.0.11 zuwa 10.0.0.13.

Irin kwafin da za mu yi, fayilolin rumbun ake ɗauka yadda suke, ba a sake fassara su. Saboda haka dole babban zubin PostgreSQL ya zama ɗaya a duka ukun. 16 ba ya bin 15. Irin ƙwaƙwalwar na'urar ma ɗaya. Akwai kuma ɗan hakin da ake rainawa: zubin Linux ɗin kansa. A 2018 glibc, wani ginshiƙi a cikin manhajar Linux, ya fito da zubi na 2.28 wanda ya canza yadda ake jera haruffa. Idan jagora na kan tsohon Linux, mabiyi na kan sabo, fihirisar sunaye da aka gina da tsari ɗaya za a karanta ta da wani tsari. Sai ka nemi sunan mai bashi a mabiyi a ce babu shi, alhali yana nan. Ba kuskuren da zai fito a allo, ba ƙararrawa. Mu da sunayenmu ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, ga kuma haruffan Faransanci masu ɗigo da wutsiya a kai, wannan ba abin wasa ba ne. Sa Debian ɗaya ko Ubuntu ɗaya a duka, kuma ranar ɗaukaka su ka tsara ta da gangan.

Sa manhajar chrony a kowace don agogonsu ya daidaita. Ranar da abu ya lalace, jera abin da ya faru daga rajistar na'urori uku masu agogo daban-daban wahala ce da ba ka buƙata.

Sai wuta, wadda a Damagaram ita ce uwar matsala. Kowace sabar da batirinta na tsaro, kuma kar ka jona ukun a soket ɗaya, kar ka jona su a akwatin raba rezo ɗaya da ba shi da batir. Na ga inda aka sayi sabobi masu tsada, aka manta da ɗan akwatin da ke haɗa su; wuta na ɗaukewa kowace ta zama tsibiri. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu su ma suna kashe faifai, sai ka lura da iskar ɗakin, ka riƙa busa matatar ƙura.

Lokacin ƙirƙirar rumbun ka yi `initdb --data-checksums`. Wannan na sa kowane shafi na bayanai ya ɗauki lambar tantancewa, ta yadda in faifai ya fara ruɓewa za a gane da wuri.

Na biyu, shirya jagora

Ka san yadda ɗan kasuwa ke yi: ciniki na faɗowa sai ya yi maza ya rubuta a ƙaramin littafin aljihu, daga baya a shigar da shi babban littafi. PostgreSQL ma haka yake. Kafin ya taɓa ainihin tebur, sai ya rubuta canjin a wani kundi mai suna WAL, wanda ake yankawa fayil-fayil, kowane megabayit 16. Kwafin da muke magana a kai ba komai ba ne illa turo wannan kundi ga mabiya suna maimaita shi bi da bi. Tun zubi na 9.0 da ya fito a 2010 ake da wannan a cikin PostgreSQL kansa. Kowane wuri a kundin yana da lamba, LSN, wadda kullum gaba take yi. Riƙe sunan nan, da ita ake auna wanda ke gaba da wanda ke baya.

A `postgresql.conf` na db1:

```
listen_addresses = '*'
wal_level = replica
max_wal_senders = 10
max_replication_slots = 10
wal_log_hints = on
max_slot_wal_keep_size = '50GB'
```

Sai ka yi asusun da aikinsa kwafi kawai, ka buɗe masa hanya a `pg_hba.conf`:

```
CREATE ROLE maikwafi WITH REPLICATION LOGIN PASSWORD '...';
host  replication  maikwafi  10.0.0.0/24  scram-sha-256
```

Layi na ƙarshe a saitunan can sama shi ne wanda mutane ke tsallakewa. Kowane mabiyi ana ba shi gurbi a wurin jagora, kuma gurbin alkawari ne: ba zan zubar da kundin da ba ka karɓa ba. Alkawari mai kyau, sai dai in mabiyi ya mutu ranar Juma'a da yamma ba wanda ya lura, jagora zai yi ta tara masa kundi har faifansa ya cika, shi ma ya tsaya. Mabiyin da aka kawo don ya ceci jagora sai ya zama ajalinsa. Daga zubi na 13, a 2020, aka samu `max_slot_wal_keep_size` da ke sa wa alkawarin iyaka. Lambar 50 misali ce. Duba girman faifanka da yawan rubutunka na yini. In an wuce iyakar, gurbin ya lalace, sai ka sake gina mabiyin daga tushe. Gara haka.

Na uku, ɗauko kwafin farko

A kan db2, tsayar da PostgreSQL, ka kwashe abin da ke cikin foldar bayanai, sannan:

```
pg_basebackup -h 10.0.0.11 -U maikwafi -D /var/lib/postgresql/16/main -X stream -C -S db2 -R -P
```

Tsaya tukuna. Kafin ka goge foldar nan, buga `hostname`, mai faɗin sunan na'urar da kake kai, ka karanta amsar da babbar murya. A ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan GitLab da ke ƙoƙarin gyara kwafin da ya tsaya, cikin dare ga gajiya, ya goge foldar bayanai yana zaton a kan mabiyi yake, ashe a kan jagora ne. Kamfanin ya yi asarar rubutun kusan awa 6, kuma su da kansu suka wallafa labarin. In ya faru da su, ni da kai ba mu fi ƙarfinsa ba. Ni dai allon jagora ja nake mai da shi, na mabiya kore.

Harafin `-R` shi ke ajiye fayil ɗin `standby.signal` ya kuma rubuta adireshin jagora a `postgresql.auto.conf`. In ka ci karo da tsohon darasi mai maganar `recovery.conf`, wuce shi. An daina amfani da wannan fayil tun zubi na 12. Buɗe layin `primary_conninfo` ka ƙara `application_name=db2`, don da wannan sunan jagora zai san shi. A Debian da Ubuntu fayilolin saiti a `/etc/postgresql` suke, ba sa biyo kwafin, sai ka ɗauko su da hannu. Ka tabbata `max_connections` na mabiyi bai gaza na jagora ba, in ya gaza ba zai tashi ba.

Tada shi, ka tambaye shi `SELECT pg_is_in_recovery();`. In ya ce `t`, mabiyi ne. A jagora kuma `pg_stat_replication` zai nuna shi da kalmar `streaming`. Maimaita wa db3.

Na huɗu, tambayar da ba ta injiniya kaɗai ba ce

Nan ne ake zama da mai dukiya. Yadda abin yake zuwa daga masana'anta, jagora na cewa "an rubuta" da zarar ya ajiye a nasa faifan, ba ya jiran kowa. Mabiya na biye da shi da tazarar da yawanci ba ta kai ƙiftawar ido ba. To amma in jagora ya mutu cikin wannan ƙiftawar, cinikin da aka riga aka ba mutum rasit a kansa bai isa ko'ina ba. Ya tafi.

Na tambayi Alhaji, "In na'ura ta mutu, cinikin daƙiƙa nawa za ka iya yafewa?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Yafewa? Ko dala ba na yafewa, Malam."

Na ce to akwai farashi: kowane ciniki zai jira shaida kafin a buga masa hatimi. Wannan tsarin jiran ya shigo a zubi na 9.1, kuma `synchronous_commit` ke faɗin irin shaidar da ake jira. Da `local` ba a jiran kowa. Da `remote_write` ana jira mabiyi ya ce ya karɓa ya miƙa wa tsarin na'urarsa, amma bai tabbata a faifai ba, wanda a garin da wuta ke ɗaukewa unguwa guda lokaci ɗaya ba abin dogaro ba ne. Da `on` ana jira ya ajiye a faifai. Da `remote_apply` ana jira har ya shigar da shi tebur ta yadda mai karatu zai gani. Ga harkar kuɗi `on` nake sawa.

Sai a faɗi wa za a jira:

```
synchronous_standby_names = 'ANY 1 (db2, db3)'
```

Ma'ana shaidar kowane ɗaya cikin biyun ta wadatar. Zubi na 10, na 2017, ya kawo wannan `ANY`. Ga dalili na farko na sabar uku: in mabiyi ɗaya tak gare ka kuma ka ce a jira shi, ranar da ya mutu jagora zai tsaya cak, lafiyarsa ƙalau amma ba ya karɓar rubutu, yana jiran shaidar da ba za ta zo ba. Ka nemi kariya ka ninka hanyar tsayawa.

Ba dole kowane rubutu ya biya wannan farashin ba. Rajistar wanda ya shiga manhaja da wanda ya fita ba ta kai a jira mata shaida ba; a cikin irin wannan aiki sai manhaja ta ce `SET LOCAL synchronous_commit = local`.

Nisa ma na da hukunci. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa da dawowa kashi 9 ke nan cikin dubu, a takarda, kafin a sa jinkirin na'urorin da ke hanya da ranakun da rezo ke rawa. Kowane ciniki sai ya biya wannan. Shawarata: masu ba da shaida su zauna kusa, gini ɗaya ko unguwanni biyu da waya mai kyau ta haɗa. Na nesa, ko a Yamai yake ko a gajimare, wato sabar haya a intanet, ya bi a hankali ba tare da an jira shi ba. Aikinsa ranar gobara ne.

Na biyar, mai raba gardama

Wannan shi ne abin da na rasa ranar shinkafa. Idan mabiyi ya daina jin jagora, ba shi da hanyar sanin ko jagoran ya mutu ne ko waya ce ta tsinke tsakaninsu. Daga inda yake zaune duka biyun kama ɗaya suke. Eric Brewer ya faɗi wannan a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da shi da lissafi a 2002: in rezo ya rabe, sai ka zaɓa, ko kowane ɓangare ya ci gaba da amsawa bakinsu ya saɓa, ko wani ɓangare ya yi shiru. Ga littafin kuɗi, shiru ake zaɓa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Manya ma sun taka wannan ƙaya. A ranar 21 ga Oktoba 2018 hanyar da ke haɗa cibiyoyin kamfanin GitHub na gabashin Amurka ta yanke na daƙiƙa 43 kacal. Manhajar da ke naɗa jagora ta mai da jagoranci yammacin ƙasar, alhali akwai rubutun da ke gabas bai ƙetara ba. Sai da suka shafe sama da awa 24 kafin komai ya koma daidai.

Kayan da nake amfani da su biyu ne: etcd da Patroni. Shi etcd ɗan ƙaramin rumbu ne da ke zaune a kan na'urori uku, ba ya amincewa da magana sai mafi rinjaye sun yarda, bisa tsarin Raft da Diego Ongaro da John Ousterhout suka wallafa a 2014. Cikin uku, biyu ne rinjaye, don haka ɗaya na iya mutuwa aiki ya ci gaba. Cikin biyu, rinjaye biyu ne, ɗaya na faɗuwa an tsaya. Huɗu ma ɗaya kawai ke iya mutuwa, kamar uku, sai ka ga ƙarin ta huɗun bai saya maka komai ba. Dalili na biyu na sabar uku ke nan. In kuɗi bai kai sabar uku manya ba, ta ukun ta zama ƙaramar kwamfuta mai ɗauke da etcd kaɗai, amma a wata wutar daban. Sai dai ka tuna matsalar shaida ɗaya da na faɗa tana nan.

Patroni, wanda kamfanin Zalando na Jamus ya fitar, yana zaune kusa da kowane PostgreSQL. Jagoranci a wurinsa sanda ce da ake ajiyewa a etcd mai wa'adin daƙiƙa 30, kuma mai riƙe da ita sai ya sabunta ta kowace daƙiƙa 10. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, mabiya su duba LSN ɗinsu, wanda ya fi gaba ya ɗauka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗaya gefen: jagoran da ya kasa isa ga rinjaye ya sauke kansa da kansa, ya daina karɓar rubutu. Kunna masa `watchdog` kuma, ta yadda in Patroni kansa ya sandare, Linux zai sake tada na'urar kafin wa'adin ya ƙare.

A saitinsa ka sa `synchronous_mode: true`, don kar a naɗa wanda bai cikin masu shaida, da `use_pg_rewind: true`. Daga ranar da ka miƙa wa Patroni ragama, daina taɓa `synchronous_standby_names` da hannu, shi ke rubuta shi. Canjin saiti kuma ta `patronictl edit-config` ake yi. Kuma ka kashe tashin PostgreSQL na kai tsaye lokacin kunna na'ura. Patroni ne kaɗai zai tada shi. Wannan ɗan saitin da na yi shi a shagon Alhaji, da ban kwana kan tabarma da rasit ba.

Tsohon jagora in ya dawo, mabiyi yake dawowa. Kowane naɗi na buɗe sabon reshe a tarihin kundin, kuma `pg_rewind` shi ke mai da tsohon zuwa mararrabar da aka rabu ya ɗora shi a sabon reshe. Don shi muka kunna `wal_log_hints` tun farko. Ka sani duk abin da tsohon ya rubuta bayan mararrabar zubar da shi ake yi. In kana zargin akwai ciniki a ciki, ɗebi kwafin foldarsa ka ajiye gefe kafin a gyara shi.

Na shida, raba kaya

Yanzu manhaja na buƙatar sanin ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Kar ka rubuta adireshin db1 a cikinta. Sa HAProxy, mai karɓar buƙatun manhaja yana miƙa su ga sabar da ta dace, a gaba da ƙofa biyu: 5000 ta rubutu, 5001 ta karatu. Patroni na amsa tambaya a ƙofa ta 8008. In aka tambayi `/primary`, jagora ne kaɗai ke cewa 200, wato i, sauran su ce 503, wato a'a.

```
listen rubutu
  bind *:5000
  option httpchk GET /primary
  default-server inter 3s fall 3 rise 2 on-marked-down shutdown-sessions
  server db1 10.0.0.11:5432 check port 8008
  server db2 10.0.0.12:5432 check port 8008
  server db3 10.0.0.13:5432 check port 8008
```

Ta karatun haka take, sai dai tambayarta `/replica?lag=1MB`, wato mabiyin da tazararsa ta wuce megabayit ɗaya a cire shi daga layi har ya kamo. HAProxy ɗin ma kar ya zama tilo: biyu, da keepalived da ke riƙe musu adireshi ɗaya mai yawo.

Rubutu ba ya rabuwa. Karatu ne ke rabuwa, shi ma ba kowane ba. Ka ɗauka wata Hajiya ta biya bashinta na jika 50, mai karɓar kuɗi ya shigar, ya juya allo don ya nuna mata, allon ya tambayi mabiyin da ke baya da rabin daƙiƙa, bashin na nan daram. Ba a yi asarar komai ba, amma je ka yi mata wannan bayanin a gaban layi. Ƙa'idata: duk karatun da za a yanke hukunci a kansa yanzu-yanzu, saura nawa a sito, nawa ne a asusu, an biya ko ba a biya ba, jagora ake tambaya. Rahoton wata, jerin kaya, binciken tsofaffin rasit, waɗannan su tafi wurin mabiya, kuma dama su ne masu nauyin.

Wani zai ce ai `remote_apply` ya warware wannan. Da `ANY 1`, ɗaya kawai aka tabbatar ya shigar, HAProxy kuma na iya kai ka wurin ɗayan. In lalle sai ka karanta daga mabiyi, bayan rubutu manhaja ta karɓi `pg_current_wal_lsn()` daga jagora, ta gwada da `pg_last_wal_replay_lsn()` na mabiyin. In bai kai ba, ta jira ko ta koma wurin jagora.

Akwai wani ƙorafi da za ka ji daga akanta: rahotonsa mai tsawo na yankewa a tsakiya. Abin da ke faruwa, jagora ya share tsofaffin layukan da rahoton ke karantawa, mabiyi ya jira daƙiƙa 30 na `max_standby_streaming_delay`, sannan ya kashe rahoton don ya ci gaba da bi. Magani biyu ne, kowanne da ɗacinsa. Ka ƙara wa'adin, mabiyin ya riƙa zama a baya. Ko ka kunna `hot_standby_feedback`, jagora ya daina sharar har rahoton ya ƙare, teburansa su kumbura. Ni nakan ware db3 ga akanta da dogon wa'adi, in sa masa alamar `nofailover` a Patroni don kar a wayi gari an naɗa wanda ke baya, sai db2 ya zauna na'ibi tsantsa. In ka yi haka ka san na'ibinka ɗaya ne.

Na bakwai, sa ido

Kwafi na mutuwa shiru. Abu uku nake so su tashe ni daga barci: mabiyi ya ɓace daga `pg_stat_replication`, gurbi a `pg_replication_slots` ya nuna `active` ɗinsa ƙarya ne, ko faifan jagora ya doshi cika. Tazara kuma da bayit nake auna ta:

```
SELECT application_name, pg_wal_lsn_diff(pg_current_wal_lsn(), replay_lsn) FROM pg_stat_replication;
```

Masu auna ta da lokaci, ta hanyar cire `pg_last_xact_replay_timestamp()` daga agogon yanzu, sukan sha tsoron banza: da tsakar dare ba mai rubutu, sai lambar ta yi ta hawa kamar mabiyi ya yi nisa, alhali ba abin da zai kwafa ne. Yi ɗan tebur da jagora ke taɓawa kowace daƙiƙa kaɗan, matsalar ta kau.

Sau ɗaya a mako, bayan an rufe shago, nakan yi abin da ɗan kasuwa zai gane: adadin rasit da jimillar kuɗin kowace rana, daga sabobin uku, a jere. In ba su zo ɗaya ba, akwai magana. `pg_amcheck`, da ya zo a zubi na 14, yana duba lafiyar fihirisa. Masu MySQL suna da `pt-table-checksum` na Percona don gwama tebur da tebur, kuma su kunna GTID, mai ba kowane rubutu lambar shaidarsa, su sa `super_read_only` a kan mabiya, don a can mabiyi na karɓar rubutu in ba a hana shi ba. Teburan da aka yi da `UNLOGGED` a PostgreSQL ba sa bin kwafi sam, kar ka neme su a mabiyi.

Kuma kwafi ba ajiya ba ce. Yaro ya ba da umarnin gogewa, `DELETE`, ya manta `WHERE` mai faɗin layukan da za a goge, kafin ya ɗora hannu a ka sabobin uku sun goge, bakinsu ɗaya kamar yadda ka koya musu. Sa pgBackRest ya riƙa ɗaukar cikakken kwafi yana kuma tara kundin WAL a wani gini, ta yadda za ka iya komawa minti ɗaya kafin ɓarnar. In da hali, ƙara mabiyi mai `recovery_min_apply_delay = '1h'`, wanda da gangan yake tafe awa ɗaya a baya.

Na ƙarshe, cire waya da hannunka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi yammacin da ba ciniki, ba Alhamis ba, ka sa wani ya riƙa shigar da rasit na gwaji masu lamba a jere. Fara da mai sauƙi, `patronictl switchover`, ka ga jagoranci ya koma db2 cikin lumana. Sannan ka zare wayar rezon jagora, ka duba agogo. Da saitin da muka bari, abin da ya kai rabin minti zuwa minti ɗaya za ka jira kafin ƙofa ta 5000 ta sake karɓar rubutu. Je wurin wanda ka zare, ka gwada rubutu a cikinsa kai tsaye. Dole ya ƙi. Mai da wayar, ka duba `patronictl list` ya nuna shi mabiyi a sabon reshe. Sai ka kashe wutar ɗaya gaba ɗaya daga soket. Sai ta biyu tare, ka ga wanda ya rage ya ƙi rubutu. Bayan kowane gwaji ƙirga rasit ɗin: duk wanda allo ya ce an karɓa dole a same shi, ba giɓi, ba maimaici. Nan ne kuma za ka gano ko manhajar ta iya sake ƙulla hulɗa da kanta, ko sai an rufe ta an buɗe.

Ranar da muka yi wannan a shagon, Alhaji na zaune a kujerarsa da carbi, yaron nan na shigar da rasit. Na miƙa wa Alhaji wayar na ce shi zai zare. Ya ce, "Ni? Da hannuna?" Ya zare. Allon ya tsaya, yaron ya dube ni, ni ina duban agogo. Can ya motsa, lamba ta gaba ta shiga. Alhaji ya juya wayar a hannunsa, ya ce wa yaron, "Ɗana, duba min shinkafa, buhu nawa ya rage?"